A nan zagin anfirmiya tarar kuɗi ce

Maradawa, ina gaishe ku daga Faransa. Yau ba kukan tsadar haya zan yi muku ba.

Ciwon ciki ne ya kai ni urjans, sashen gaggawa na asibiti, da dare. Kada wani ya ruɗe ku, a nan ma jira ake yi, jira mai cin rai. Anfirmiya ɗaya ce a bakin ƙofa take tantance mutane, kuma wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ke riga shiga, ko da yanzu ya iso. Wani ƙato da ya kawo matarsa ya gaji da zama, ya miƙe ya dinga dukan gilashin da ke gabanta da tafin hannu, yana zaginta ta uwa ta uba. Ba ta ce masa uffan ba. Hannu kawai ta sa ƙarƙashin tebur, sai ga masu gadi biyu, suka raka shi waje ba duka ba turi. Matar tasa kuwa aka duba ta da layinta ya zo.

Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Shugabar anfirmiyar ta fito, ta dafa mata kafaɗa, ta ce ta shiga ciki ta sha ruwa. Ita da kanta ta zauna kan kujerar ta ci gaba da aikin. Da yarinyar ta dawo, idonta jajir, na ji ana tambayarta ko za ta kai ƙara, asibitin zai tsaya mata. A dokarsu, zagin ma'aikacin asibiti a bakin aikinsa tara ce da ke iya kaiwa yuro 7,500, kusan sefa miliyan 5.

Ba wai majinyatansu sun fi namu ladabi ba ne. A watan Mayu na 2023 wani ya daɓa wa anfirmiya wuƙa a asibitin Reims, ta mutu. Tun 2005 suke da hukumar da ke tattara labarin duka da zagin da ake yi wa ma'aikatan lafiya, kuma ba ta taɓa rasa abin rubutawa ba.

Ƙanwata aikin ke nan take yi a gida. Ku da kanku kun san yadda ɗakin yara yake a watan Agusta idan palu, zazzaɓin cizon sauro, ya kama: biyu uku kan gado ɗaya. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma idan ya ƙare a farmasi ita za ta miƙa wa uba ordinans, ita za a kira ɓarauniya. Ba ita ta yanka kuɗin ba, fuskarta ce dai a kusa. In ta kai kuka sama, a ce ta yi haƙuri, ɗan wane ne. Wani ma waya zai ɗaga a gabanta, ya ce sai ya sa an jefa ta ƙauye. Na san akwai masu baƙin hali cikinsu, wace mace ce ba ta da labarin tsawar ɗakin haihuwa? Amma wadda aka zaga da safe ba wanda ya tsaya mata, da wace fuska za ta tarbi na yamma?

Duk da haka, a daren nan na yi kewar gida. Ba mai ce maka sannu, kowa ya duƙa kan wayarsa. Na tuna tabarmi ƙarƙashin bedi, fura a kwano, da tsohuwar da ba ta san ka ba amma sai ta tambayi mai jiki.

Da na ba ƙanwar tawa labari ta WhatsApp, dariya ta yi. Ta ce: "Yaya, mu mai gadinmu tsoho ne da sanda, kuma shi ake fara zagi tun daga ƙofa."