Hamza Yassin a Gasar Strictly Come Dancing: Hukuncin Alƙalai da Hukuncin Masu Kallo

A daren Asabar, 17 ga watan Disamba na 2022, aka rufe zagaye na 20 na gasar rawa ta Strictly Come Dancing da tashar BBC One ke nunawa a Birtaniya, kuma wanda ya ɗaga kofin shi ne Hamza Yassin, mai ɗaukar hoton namun daji wanda aka haifa a Sudan. Na bi gasar ta wannan shekara daga farko har ƙarshe tare da iyalina a garin da muke zaune a arewacin Ingila, kuma na ji gardamar da ta biyo bayan nasarar tasa a wurin aiki da cikin motar haya, har ma a falona. Wasu na cewa ya cancanta, wasu na cewa farin jini ne kawai ya kai shi. Ra'ayina shi ne masu kallon da suka zaɓe shi sun yi daidai, ko da yake shirin kansa yana da aibin da ya kamata a faɗa.

Ga wanda bai san shirin ba, an fara shi ne a 2004. Ana ɗauko mutanen da suka yi suna a wasu fannoni, kamar 'yan wasan kwaikwayo da 'yan ƙwallo da masu gabatar da shirye-shirye, a haɗa kowannensu da ƙwararren ɗan rawa, su kwashe mako guda suna koyon rawa ɗaya, sannan su fito su yi ta kai tsaye a daren Asabar. A 2022 mutum 15 ne suka shiga. Alƙalai huɗu ne ke ba da maki, kowanne daga 1 zuwa 10, don haka mafi girman abin da mutum zai samu shi ne 40. Daga nan sai a buɗe wa jama'a ƙofar jefa ƙuri'a, wadda a 2022 ake jefawa ta waya ko ta intanet, a haɗa matsayin da alƙalai suka ba mutum da matsayin da jama'a suka ba shi. Biyun da suka zo ƙarshe su sake yin rawarsu don neman tsira, alƙalai su ceci ɗaya su sallami ɗaya. A daren ƙarshe kuwa makin alƙalai shawara ce kawai, jama'a ne kaɗai ke naɗa gwani. Duk gardamar da ake yi a kan Hamza daga wannan tsari ta taso.

Lokacin da aka sanar da sunayen masu shiga, manya da yawa ba su san ko wane ne Hamza ba. Yara kuwa sun san shi sarai, domin yana fitowa a tashar yara ta CBeebies yana zagayawa da su cikin daji yana nuna musu tsuntsaye da ƙwari. 'Yata ƙarama ce ta fara gane shi a gidanmu, ta tashi tsaye ta nuna allon talabijin tana kiran sunansa tun kafin mai gabatarwa ta faɗa. An haife shi a 1990, ya zo Birtaniya yana ɗan shekara 8, ya yi fama da larurar nan da ke sa karatu da rubutu su yi wa mutum nauyi, amma duk da haka ya karanta ilimin dabbobi a Jami'ar Bangor da ke Wales. Bayan karatu ya koma wani lungu na gaɓar tekun yammacin Sikotland da ake kira Ardnamurchan, inda ya yi watanni yana kwana a cikin motarsa don ya samu damar ɗaukar hoton gaggafa da sauran namun wurin. Mutum ne mai faɗin ƙirji da nauyin jiki, ga doguwar suma murɗaɗɗiya da ta sauko masa har ta wuce ƙugu, ga magana a hankali. Duk wanda ya gan shi a makon farko ba zai ce ga ɗan rawa ba.

An haɗa shi da Jowita Przystał, 'yar ƙasar Poland, wadda wannan ne karo na farko da aka ba ta ɗalibi a shirin. A makon farko suka samu maki 34, wanda ya sa su a saman jadawali tare da ɗan wasan kwaikwayo Will Mellor. Amma rawar da ta juya ra'ayin mutane ita ce salsa, wata rawar Latin Amurka, da suka yi a mako na huɗu. Na tuna yadda ya ɗaga Jowita sama da kansa, ya juya ta, ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye tulu cike da ruwa, kuma ƙafarsa ba ta saki kiɗan ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ɗaga ta ɗin burge ni shi ne ƙugunsa da kafaɗunsa, domin akwai masu rawa da za ka ga suna lissafi a ransu, leɓensu har yana motsi, shi kuwa kiɗan ne ke tafiyar da shi. Alƙalai suka ba su 39. Maƙwabciyarmu, dattijuwar Baturiya da ta kalli shirin tun farkonsa, ta tare ni a bakin ƙofa washegari ta ce ta ga wanda zai ci kofin bana.

Rawa ta biyu da ta tsaya wa mutane a rai ita ce wadda ake barin masu gasa su zaɓa da kansu. Hamza da Jowita suka zaɓi rawar Afirka, a kan wani kiɗa na Afirka ta Kudu da ya zaga duniya a 2020. Motsi Mabuse, ɗaya daga cikin alƙalan, wadda ita ma haifaffiyar Afirka ta Kudu ce, ta kasa riƙe hawayenta lokacin da aka zo kanta ta yi sharhi. Na fahimci hawayen nan. Shirin ya ginu ne a kan raye-rayen zaurukan Turai da na Latin Amurka, kuma ganin ɗan Sudan ya tsaya a tsakiyar dandalin a daren Asabar, gaban miliyoyin masu kallo, yana taka rawar nahiyarsa da cikakkiyar natsuwa, abu ne da ya taɓa duk wani ɗan Afirka da ke zaune a ƙasar nan. Ɗana babba, wanda ba ya son a gan shi yana kallon shirin, bai ce uffan ba, amma daga baya na same shi yana sake kallon rawar a waya.

Masu sukar nasarar Hamza suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ƙafafunsa kan karkata ciki idan yana taku, kuma a raye-rayen da ake riƙe juna a miƙe, inda ake son tsayuwa ƙyam da tsabtar taku, wannan aibi yakan fito fili. A daren ƙarshe ma, cikin mutum huɗun da suka rage, shi ne ya samu mafi ƙarancin maki, wato 113 cikin 120, yayin da Fleur East ta samu 119. Rawarsa ta baje koli a wannan dare ba ta yi armashi ba, kuma na ga alamar shi kansa ya san haka. Wanda ya ce idan gasar ƙwarewa ake yi to Fleur ce gwanar shekarar, bai yi ƙarya ba. Ita ce ta fara samun cikakken maki 40 a wannan zagaye, a babban zauren rawa na Blackpool, kuma na kalli wannan rawar tata sau da yawa ban ga inda za a rage mata ko ɗigo ba.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ake aunawa a wannan gasa. Fleur mawaƙiya ce da ta saba da dandali, ta zo ta biyu a gasar waƙa ta X Factor ta 2014. Molly Rainford kuma, wadda ita ma ta kai daren ƙarshe, ta yi makarantar koyon wasan dandali tun tana ƙarama. Shirin bai hana irinsu shiga ba, kuma ba laifinsu ba ne da suka zo da ƙwarewa. Amma mai kallo da ke zaune a falonsa yana duba nisan tafiyar da mutum ya yi daga makon farko zuwa na ƙarshe, yana kuma duba ko rawar ta faranta masa rai. Hamza ya zo ne daga ɗaukar hoton tsuntsaye cikin sanyi da ruwan sama, bai taɓa koyon rawa a makaranta ba, kuma cikin wata uku ya kai inda yake samun 39 da 40 daga alƙalan da ba su da sassauci. Ba a taɓa jefa shi cikin rawar neman tsira ba ko sau ɗaya. Wannan ba ƙuri'ar tausayi ba ce, domin tausayi ba ya ɗaukar mutum mako goma sha uku yana kusa da saman jadawali.

Misalin ƙuri'ar soyayya zalla yana nan cikin zagayen, kuma ya bambanta da na Hamza ƙwarai. Tony Adams, tsohon kyaftin ɗin Arsenal, ya shiga gasar tare da ƙwararriyar 'yar rawa Katya Jones, kuma kusan kullum yana ƙasan jadawali, amma jama'a suka yi ta ceton sa, ana kyautata zaton magoya bayan ƙungiyar na da hannu a ciki. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ya yi magana a fili a kan yaƙin da ya yi da shaye-shaye, abin da ya ƙara masa ƙima a idona. Duk da haka, kowane mako da ya tsira, wani wanda ya fi shi iya rawa ne ke faɗawa cikin haɗari. A mako na takwas ya janye saboda rauni a ƙafa. An ga irin haka a 2008, lokacin da ɗan jarida John Sergeant ya janye da kansa saboda ya ga alamar jama'a za su iya kai shi ga kofi alhali alƙalai na sa shi a ƙarshe. Idan ana son a soki ƙuri'ar jama'a, nan ne wurin suka.

Aibin shirin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru da Fleur da Molly. Kowaccensu sau huɗu tana faɗawa rawar neman tsira, duk da makin da suke samu. Akwai masu kallo da suka daɗe suna cewa mata baƙaƙe da masu ruwa biyu ba sa samun ƙuri'ar da ta dace da ƙwarewarsu a wannan gasa, wasu kuma na cewa dalilin shi ne jama'a ba sa son wanda ya zo da ƙwarewarsa. BBC ba ta bayyana adadin ƙuri'un da kowa ya samu, don haka gardamar ba ta da ranar ƙarewa. A ganina, hukumar da jama'a ke biya wa kuɗin lasisin talabijin, wanda a lokacin fam 159 ne a shekara, ya dace ta fitar da alƙaluman ko da bayan an gama gasar ne. Na ga fuskar Fleur a ƙarƙashin jar fitilar nan da ake haska wa waɗanda suka faɗi, bayan ta yi rawar da ta fi ta kowa a daren, kuma abin bai yi mini daɗi ba.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Shirin sakamako da ake nunawa ranar Lahadi tun daren Asabar ake naɗar sa, kuma labarin wanda aka sallama kan yoyo a intanet kafin gari ya waye, don haka mai son ya ji da kunnensa sai ya ƙaurace wa wayarsa. A makonnin farko shirin kan wuce awa biyu, kuma gajerun fina-finan barkwanci da ake sakawa kafin kowace rawa sun fi yawa, alhali abin da mai kallo ke so ya gani shi ne yadda aka sha wahala a ɗakin atisaye. Cikin alƙalai, Craig Revel Horwood ne makinsa ke da nauyi a wurina saboda ba ya rabon 10 kamar goro, ita kuwa shugabarsu Shirley Ballas ta fi kowa iya bayyana inda ƙafa ta kauce. Makaɗan da ke kiɗa kai tsaye a zauren sun cancanci yabo na musamman.

Dole kuma in faɗa wa mai karatu gaskiya a kan abin da zai gani. Galibi rawa ce ta mace da namiji a riƙe da juna, kuma suturar wasu raye-rayen, musamman na Latin Amurka, ba irin wadda gidaje da yawa za su yarda a kalla tare da yara ba ce. A gidanmu akwai raye-rayen da muke tsallakewa, kuma kowane magidanci shi ya san iyakar gidansa. Wanda ke wajen Birtaniya ba zai samu cikakken shirin a manhajar iPlayer ba, domin an keɓe ta ga mazauna ƙasar, amma BBC na saka raye-rayen ɗaya bayan ɗaya a YouTube, kuma hakan ya fi sauƙi ga mai son ya zaɓi abin da zai kalla. Idan mutum zai kalli biyu kawai don ya yanke wa kansa hukunci, ya nemi salsar Hamza ta mako na huɗu, sannan ya nemi rawar Fleur ta Blackpool, ya kalle su a jere.