GNOME ko KDE Plasma: wanne ya fi karɓar kwalliya?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da laftof ta hannu, Core i5 mai RAM giga 8, ga Windows 10 an rufe mata sabuntawar tsaro ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, na'urar kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kana so ka koma Linux, amma ba ka son allo mai kama da na zamanin da, shi ne kake tambaya tsakanin GNOME da KDE Plasma, wato fuskoki biyu na Linux masu tsara yadda allo da tagogi suke, wanne ya fi kyau, wanne kuma ya fi daɗin gyarawa.

Tambaya biyu ka yi a haɗe, amsarsu kuma ba ɗaya ba ce. GNOME ɗinkakkiyar riga ce ta kanti, wadda gwani ya yanka ya ɗinka, kana sawa ta zauna. Plasma kuwa yadi ne aka miƙo maka da almakashi da keken ɗinki. Tunda ka ce gyare-gyaren ne ke burge ka, Plasma nake ba ka shawara, amma bari ka ji dalili.

Tsararrakin juna ne. Wani ɗalibi a Jamus, Matthias Ettrich, shi ya fara KDE a 1996. Shekara guda bayan haka Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara GNOME daga Meziko, saboda a lokacin lasisin Qt, wato tubalin da aka gina KDE da shi, bai kwanta wa masu rajin 'yancin manhaja a rai ba. An daɗe da warware wannan rigima, sai dai halin kowannensu ya ci gaba da bambanta har yau.

Ranar farko da ka kunna GNOME, za ka tarar da fili fetal: siririyar sanda a sama mai agogo a tsakiya, babu tarkacen fayil a kan allo, babu ma maɓallin da ake dannawa taga ta sauka ƙasa. Ka danna maɓallin nan mai tambarin Windows, duk tagogin da ka buɗe su jeru a gabanka. Ka ja yatsu uku a kan faifan linzami, ka zame zuwa wani filin aikin sumul. A laftof abin yana da daɗi ƙwarai, ban taɓa musun wannan ba. Plasma shi kuma zai tarbe ka da abin da idonka ya saba: sanda a ƙasa, jerin manhajoji a kusurwar hagu, agogo a dama. Wanda ya taso a Windows ba zai yi lalube ba.

A wajen kwalliya ne hanya ta rabu. A GNOME abin da aka ba ka a hukumance kaɗan ne: hoton bango, yanayin duhu ko haske, sai launin ado da aka ƙaro a GNOME 47 cikin 2024. In kana son sandar manhajoji ta zauna dindindin, sai ka ɗora ƙarin da ake kira Dash to Dock ko Dash to Panel. In kana son bayan allo ya yi hazo-hazo kamar gilashi, Blur my Shell. Waɗannan ƙare-ƙaren 'yan sa-kai ne ke rubuta su, GNOME kuma yana fitar da sabon zubi duk wata shida, Maris da Satumba. Kowane zubi ya fito, sai an jira mai ƙarin ya daidaita nasa. A GNOME 45 na 2023 ma an canza yadda ake rubuta su gaba ɗaya, tsofaffin suka tsaya cak sai da aka sabunta su. Batun canza kamannin tagogi kuwa, a 2019 wasu masu rubuta manhajojin GNOME suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu haɗa rabe-raben Linux, wato nau'o'insa irin su Fedora da Linux Mint, su daina lulluɓe musu manhajoji da adon da ba su gwada ba. Suna da hujja, domin ado marar tsari yana iya sa farin rubutu a kan farin bango. Amma sakamakon shi ne sababbin manhajojin GNOME ba sa karɓar ado cikin sauƙi, sai da dabara, dabarar kuma tana iya warwarewa a sabuntawa ta gaba.

A Plasma gyaran yana cikin gida. Danna linzami na dama a kan sandar ƙasa, ka shiga yanayin gyara: ka mai da ita sama, ka rage mata kauri, ka sa ta yi shawagi ba ta taɓa gefen allo, ko ka ƙara ta biyu ka cika ta da tambarin manhajoji kawai ta koma irin ta Mac. A cikin System Settings akwai wurin launuka, wurin tambarori, wurin kan tagogi, wurin kibiyar linzami, har allon shiga, kowanne da maɓallin sauko da sababbi. Abin da na fi so shi ne ka ce masa ya ɗebo launin ado daga hoton bango. Na sa hoton faɗuwar rana, nan take manyan fayil da maɓallai suka koma ruwan goro, ban taɓa komai ba.

Yawan zaɓin nan shi ne kuma aibinsa. Mutum zai zauna gyaran inuwar taga har a ɗauke wuta bai yi aikin da ya kunna kwamfutar dominsa ba. Sannan ka kula da abin da ake kira Global Theme: ba launi kaɗai ke cikinsa ba, yana iya ɗauke da umarnin da zai yi aiki a kwamfutarka. A Maris 2024 wani irin wannan ado da aka ɗora a rumbun KDE ya goge wa wani mutum fayilolinsa saboda kuskuren rubutu, har masu KDE suka fito suka yi gargaɗi. Don haka ka fi dogara da ɗaukar abubuwa ɗai-ɗai, launi daban, tambarori daban. Tambarorin Papirus suna nan a ma'ajiyar yawancin rabe-raben Linux, kuma suna zama da kyau a duka biyun.

Batun nauyi kada ya dame ka. Giga 8 ta ishi kowannensu, burauzarka ce ma za ta fi su cin RAM. Zancen da ake yi cewa KDE jibgege ne tsohon labari ne. Da a ce giga 4 gare ka da tsohon faifai mai juyawa, da Xfce zan tura ka, wata fuskar Linux marar nauyi: ba shi da ƙyale-ƙyale da farko, amma yana karɓar ado, ba ya kuma canza hali. Cinnamon na Linux Mint yana tsaka-tsaki, ga wanda ke son abu irin Windows 7 ba tare da ciwon kai ba.

Abu guda da masu nuna hotunan allo a intanet ba za su gaya maka ba, domin ba da Hausa suke rubutu ba: kafin ka ɗauki wani samfurin haruffa don ya yi maka kyau, buɗe wurin rubutu ka buga «ɓarawo ya ɗauke ƙwarya». In samfurin ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kwamfutar za ta aro su daga wani, sai ka ga ɗ da ƙ sun fito dabam da 'yan'uwansu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, kamar haƙorin Makka a baki. Noto Sans da Plasma ke zuwa da shi yana da su, haka ma DejaVu Sans da Andika. A saitin kibod na duka biyun kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya, akwai na Gana.

Kada ka yi kuskuren da na yi a farkon shigata, na jibga fuska uku a kan Linux ɗaya don in riƙa sauyawa. Na wayi gari da manhajar buɗe fayil uku, taminal uku, saitin wannan yana taka na wancan, ƙarshe sai da na goge komai na sake. Nemi filashi mai giga 16, ka sa masa Ventoy, manhajar da ke ba ka damar tada Linux iri-iri daga filashi ɗaya, ka zuba Fedora Workstation don ganin GNOME tsantsa, da Fedora KDE ko Kubuntu don Plasma. Kowanne yana tashi daga filashin ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. Fayilolin suna da girma, kowanne giga biyu zuwa sama, don haka ka jira datar dare ko ka karɓa wurin wanda ya riga ya sauke. Ba kowanne awa guda: haɗa Wi-Fi, kunna sauti, gwada maɓallan hasken allo, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. In ka zaɓa, kwashe fayilolinka zuwa wani faifan kafin ka danna maɓallin girkawa, sannan ka turo mana hoton allon mu gani.