Yini guda a gidan Jules Verne da ke Amiens

Tun ina ɗalibi a Damagaram nake karanta littattafan Jules Verne, marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Faransa, da Faransanci, shi ya sa da aiki ya kai ni Paris na hau jirgin ƙasa zuwa Amiens, tafiyar da ta ɗan haura awa guda. Gidan da ya zauna daga 1882 zuwa 1900, a titin Charles Dubois, yanzu gidan tarihi ne, kuma kuɗin shigar da na biya bai tafi a banza ba.

Falon baƙi da ɗakin cin abinci da ke ƙasa na masu hali ne, na leƙa na wuce. Sama ce ta riƙe ni. Ɗakin rubutunsa ɗan ƙarami ne, da tebur da siririn gado, ga kuma wani sashe da aka ƙera kamar cikin jirgin ruwansa, Saint-Michel III. Jirage uku ya mallaka a rayuwarsa, duka da sunan Saint-Michel. Na ukun ya saye shi a 1877, ya kai shi har Lisbon da gaɓar Aljeriya.

A nan na daɗe tsaye, domin na san halin da gidansa ke ciki a lokacin. Michel, ɗansa tilo, ya gagare shi, har Verne ya kai shi gidan horon kangararrun yara na Mettray, daga baya ya sa shi a jirgi zuwa Indiya. Yaron ya dawo ya yi auren da uban bai so ba, ga bashi. A ganina teku ce kaɗai inda bawan Allahn nan yake samun sararin numfashi.

Sai 1886 ta zo. Ya sayar da jirgin. Ranar 9 ga Maris, Gaston, ɗan ƙanensa mai taɓin hankali, ya harbe shi a ƙafa a ƙofar wannan gida, ya bar shi da ɗingishi har mutuwa. Bayan kwana takwas Hetzel, mai buga masa littattafai, ya rasu. Da na fito na tsaya a ƙofar, wallahi jikina ya yi sanyi.

Wanda zai je ya ware awa biyu, ya kuma karanta tarihin iyalin tun daga gida, sai ɗakin jirgin ya fi ratsa shi. Verne ya rasu a 1905, kabarinsa na maƙabartar La Madeleine. In Allah ya sake kai ni Amiens, can zan fara zuwa.