Ledar kujerar falo ko tampol: wanne zai jure a jirgin ruwa?

Malam, ka ce kujerun jirginka mai inji da ke ɗaukar fasinja a madatsar Dadin Kowa sun tsattsage, kana tambaya ko ka sa ledar kujerar falo ko tampol irin na rufe kayan babbar mota.

Ledar falo ta fi laushi da kyan gani, kuma kowane mai gyaran kujera a Gombe zai ɗinka maka ita. Sai dai don inuwa aka yi ta. Ranar bazara tana cinye sinadarin da ke sa ta laushi, hunturu ya zo ya ƙarasa busar da ita, sai ta dare daga bakin ɗinki. Bayanta kuma yadi ne mai shan ruwa, shi ya sa fumfuna ke kama ta da damina. Tampol mai kauri ya fi tauri, yana wahalar lanƙwasa a kusurwa, amma ruwa ba ya ratsa shi, ya kuma fi jure rana da gogar kwandon kifi. Akwai ledar da aka yi musamman don jirgin ruwa, faɗinta yawanci inci 54; ta fi su duka idan ka samu ta gaske. In ba ita ba, mu tampol za mu zaɓa, mai hasken launi, domin baƙi yana ƙona mai zama da tsakar rana.

Amma abin da ya fi kashe kujera yana ciki. Soson katifa yana shan ruwa ya riƙe, ya ruɓar da katakon ƙasa ko da rufin sabo ne. Nemi soso mai toshewar ƙofofi, irin wanda ake yin silifas da shi, kaurin inci 2 ya isa. Idan na katifa kaɗai ka samu, naɗe shi da leda marar kauri kafin ka rufe, ka huda katakon wuri 4 zuwa 6 don ruwa ya sami mafita.

Yanka soson ya ɗara katakon da rabin inci kowane gefe, rufin kuma ka bar masa rarar inci 3 bayan kaurin soson. Shanya rufin a rana ya yi laushi, ka fara kafewa daga tsakiyar kowane gefe, kusurwa a ƙarshe. Fil ɗin sitefula ya zama wanda ba ya tsatsa. Na ƙarfe zalla damina ɗaya ke cinye shi, rufin ya saki.

Ka gaya wa tela ya yi amfani da zaren foliyesta, na auduga ruɓewa yake. Ya buɗe takun ɗinkin zuwa milimita 5, domin ɗinki matsattse yana yanka tampol kamar reza, kada kuma ɗinkin ya faɗo a saman wurin zama inda ruwa ke kwanciya. Idan fetur ya zuba a kai, goge shi nan take da ruwa da sabulu.