Sharhi kan Sayen Tsofaffin Faya-fayan Hardcore Punk ta Discogs

Discogs kundin bayanai ne na faya-fayan kiɗa wanda Kevin Lewandowski ya kafa a shekarar 2000, daga baya aka haɗa masa kasuwa inda 'yan kasuwa daga ƙasashe daban-daban suke baje hajarsu. Na daɗe ina amfani da shi wajen tara faya-fayan garmaho na hardcore punk, kiɗan nan mai sauri da zafi da matasan Amurka suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, kuma a ganina kundin ya fi kasuwar amfani nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka yi faya-fayan tun asali. Manyan kamfanoni ba su waiwayi waɗannan mawaƙa ba, sai suka tsaya da ƙafarsu: kamfanin SST na Greg Ginn ne ya fitar da faya-fayan ƙungiyarsa Black Flag a Kalifoniya, Ian MacKaye da Jeff Nelson kuma suka kafa kamfanin Dischord a birnin Washington a 1980. Sukan buga kwafi kamar dubu ɗaya na ƙaramin faifai mai inci 7, idan ya ƙare kuma kuɗi ya shigo hannu sai a sake bugawa. Faifan farko na ƙungiyar Minor Threat, wanda Dischord ya fitar a 1981, da jan bango ya zo a bugun farko, na baya kuwa aka sauya musu launi, kuma tazarar kuɗi tsakaninsu babba ce. Discogs ya ware wa kowane bugu shafinsa, da hoton bango, da hoton takardar tsakiya, da lambobin da ake zanawa a santsin da ke bayan waƙar ƙarshe. Idan faifai ya iso, nakan karkata shi a hasken taga har rubutun ya bayyana, sannan in bi shi harafi bayan harafi da abin da ke shafin. Da haka ake gane jabu, waɗanda suka yi yawa a wannan fanni, domin kwaikwayon bango abu ne mai sauƙi, amma wannan zanen yakan tona asirin mai jabu.

A kasuwar kuwa, sai mutum ya yi taka-tsantsan. Mai sayarwa ne da kansa yake sa wa faifai daraja, NM ga wanda ya kusa zama sabo, VG+ ga wanda aka ɗan mora, kuma da yawansu da ido suke hukunci ba da kunne ba. Wani mai sayarwa a Turai ya taɓa aiko mini da faifai mai sheƙi wanda ya kira NM, amma da allura ta sauka sai ƙaraf-ƙaraf daga farko har ƙarshe, alamar tsohuwar allura ta riga ta cinye layukan. Waɗannan faya-fayai samari ne suka saye su, suka saurare su ba dare ba rana a kan na'urori masu araha, shi ya sa samun lafiyayye yake da wuya. Yanzu kafin in biya, nakan tambayi mai kaya ko ya saurari faifan, in karanta shaidar da abokan cinikinsa suka bayar, in kuma roƙe shi ya fitar da faifan daga bangonsa ya sa su cikin kwali mai kauri, don kada bakin faifan ya tsaga bangon a hanya. Kuɗin aikowa yakan kai kuɗin faifan kansa, zafin rana kuma yana lanƙwasa faifai idan kaya ya daɗe a hanya.

Abin da ya fi taimaka mini wajen ciniki shi ne tarihin farashi, inda ake nuna mafi ƙanƙantar kuɗin da aka sayar da faifai a cinikayyar baya-bayan nan, da matsakaici, da mafi yawa. Wasu alƙaluman suna sosa mini rai. Wani faifan ƙungiyar Judge da kamfanin Revelation ya buga kwafi 110 kacal a 1989 an sayar da shi sama da dala 6,000 a 2015, alhali Dischord har farashi yake rubutawa a bayan bango don kada a tsawwala wa matasa. Duk da haka ina fahimtar masu neman bugun farko, domin a wani faifan Dischord da nake da shi ana ganin busasshen gam a gefen bango da ninkin da bai daidaita ba, tun lokacin da mawaƙan da abokansu suke yankawa suna mannawa da hannu.

Wanda kiɗan kawai yake so, ya sayi sabon bugu kai tsaye daga Dischord, wanda har yau yake sake fitar da tsofaffin ayyukansa da sauƙin kuɗi. Wanda kuma ya dage sai bugun farko, ya nemi mai kaya ya turo masa hoton lambobin nan da ake zanawa a santsin faifan kafin ya tura ko sisi.