Hattara da masu tallar botom filet na tsere a intanet

Jama'a, musamman matasa masu wasan mota a Abuja da Kano, a yi hattara da wasu shafuka a Instagram da Facebook masu tallar botom filet (kaskon ƙarƙashin inji da baƙin mai ke taruwa a cikinsa) mai shinge a ciki, wai na tsere ne daga Amurka. Hotunan kamfanonin da ke ƙera na ainihi, irin Moroso da Canton, suke satowa su ɗora. Ka tura kuɗi, abin da za ka karɓa a tasha tsohon kasko ne na gwanjo da aka wanke da fetur, aka fesa fenti, aka liƙa masa guntun ƙarfe da walda.

Na ainihi yana da aikinsa. Idan mota ta sha kwana da ƙarfi, baƙin mai yakan tattaru gefe guda, bututun da ke zuƙo shi ya shaƙi iska. Shingen ke tsare man kusa da bakin bututun, da wasu 'yan ƙofofi na roba ko ƙarfe masu buɗewa ta fuska ɗaya, mai ya shiga ya kasa komawa. Na bogin ba shi da ƙofa ko ɗaya. Wanda na gani a gareji, waldar ɗigo-ɗigo ce, ka goga yatsa sai kashin walda ya biyo ka. Wannan tarkacen shi zai toshe rariyar bututun, mai ya yanke, inji ya buga, wallahi kafin jar fitila ta gama yi maka gargaɗi. Ga batun zurfi kuma: tsakanin bakin bututun da gindin kaskon ana son kamar milimita 6 zuwa 10. Mai haɗa na bogi bai taɓa aunawa ba.

Kafin ka biya ko kwabo, ka ce ya nuna maka cikin kaskon a kiran bidiyo, ya tura ƙofofin da yatsa kana kallo. Kuɗi kuwa sai makanikinka ya riƙe kayan a hannu. Da ka ji "saura ɗaya, tura rabi in ajiye maka", ka rabu da shi.

Wanda ya riga ya tura, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da hirarsu, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke cusa shi ga masu Corolla da Golf na zuwa aiki, da ƙaryar wai yana hana shan mai. Ba ya hanawa. Motar da ba a tsere da ita, wanda ta zo da shi daga kamfani ya ishe ta.