Shiga aji ɗaya ta JAMB ko bi ta IJMB?

Ɗalibin da ya gama sakandare yana neman jami'a a Najeriya, hanyoyi biyu suka fi kusa da shi. Ko ya zauna jarrabawar JAMB mai darussa huɗu da maki 400 ya shiga aji ɗaya, ko ya bi ta IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ya karanta darussa uku na kusan shekara guda, sannan ya nemi aji biyu kai tsaye.

Karatun aji ɗaya a baje yake. Ɗalibin kimiyya zai sha lissafi, fiziks, kimiyyar sinadarai da ta halittu, ga kwasa-kwasan GST da aka wajabta wa kowa: Turanci, amfani da laburare, al'adun al'ummomin Najeriya. Ɗalibai kan raina su, alhali a nan ne yaron da ya saba da haddar abin da malami ya rubuta a allo yake koyon nemo littafi da kansa, ya rubuta bayani mai kan gado. Yana kuma samun shekara guda ta sabawa da cunkoson ɗakin lacca kafin karatu ya yi tsanani.

IJMB ta fi zurfi a darussanta uku, kuma ta ceci da yawa daga zaman gida. Sai dai guraben aji biyu ba su da yawa, musamman a likitanci da lauya, sai mai sakamako mai ƙarfi. Wanda makinsa na JAMB ya kai, ni dai ina ganin gara ya fara daga aji ɗaya.